Tsawo a raba da faɗi: tarihin yankan lu'ulu'u, daga Gazawa

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdul Karim, ya sauka Gazawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Daga Tasawa ya fito, Katsina da Kano ya nufa. Gazawar da ya tarar gari ne mai kafi, bakin iyakar ƙawancen Maradi da Gobir, kullum cikin shirin hari. Da ya isa Kano farkon Fabrairu sai ya zauna ya lissafa hajar da ke shigowa kasuwa daga arewa, cikinta har da duwatsun wuya da ake yi a Turai.

Wata uku bayan nan, ran 1 ga Mayu, aka buɗe babban baje koli a Landan. Abin da kowa ke rububin gani shi ne Koh-i-Noor, lu'ulu'un da Ingilishi suka karɓe a 1849 daga hannun Duleep Singh, yaron da ke sarautar Panjab a Indiya. An sa shi cikin keji, mutane suka yi layi, suka leƙa, suka koma gida suna tsaki. Wai ba ya ƙyalli, wai kamar guntun kwalba.

Za ku ce mi ya haɗa Gazawa da dutsen sarauniyar Ingila? Ba mu da ramin lu'ulu'u a jihar Maradi, kuma ba na jin akwai ɗaya cikinmu da ya taɓa riƙa na gaske. Gardama ce ta kawo ni. A zaman ƙungiyarmu wata ƴar uwa ta nuna hoton zobe a wayarta, dutsen mai siffar ƙwai. Wani ya ce ya cika tsawo, wata ta ce ai tsawon ne kyansa, na uku ya ce duk wanga al'amarin Turawa ne, mu ina ruwanmu. Da na ukun nake. Auna tsawon dutse da faɗinsa kafin a saya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kakanninmu mata sun daɗe suna yi, har ma akwai lokacin da idonsu ne ke juya masana'antu a Turai. A kan lu'ulu'u ne kawai aka bar mu da haƙa, wasu suka riƙe awo.

Kakata tana da tsakiya guda uku da talhatana ɗaya cikin wani ɗan gwangwani. Wanda bai san talhatana ba, jan dutse ne shafaffe mai kusurwa uku, da zobe a kansa inda ake zura zare. Irinta ce maƙeran Abzin ke ɗaurawa cikin azurfa su yi abin wuyan nan na Ingal. Ina yaro wani mai koli ya shigo gidanmu da irinsu. Ta ɗauki tsakiya ɗaya, ta aza ta kan gaɓar yatsanta, ta ɗaga ta ga rana, ta mirgina ta a tafin hannu, ta mayar. Na ce, "Kaka, ai ta fi taki ja." Ta ce, "Kai angona, ja ba shi ne ba. Wagga ta cika ƙiba, ga baki guda ya fi guda. In anka sa ta a wuya karkacewa za ta yi." Tsawo da faɗi, daidaiton ɓangare biyu, yadda haske ke ratsawa: abu uku ta duba cikin minti guda, kuma su ne dai dillalin Anvers ke dubawa da madubinsa.

Duwatsun nan aƙiƙ ne, kuma sun sha tafiya. Na dauri daga Kambay suke, a yankin Gujarat na Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana gasa aƙiƙ ya yi ja, a fasa, a goge. Ta Makka da Alƙahira suke biyowa, a jakar alhazai da fatake. Daga baya wani ƙaramin gari na Jamus, Idar-Oberstein, ya shigo cinikin. Nasu dutsen ya kusa ƙarewa, sai ƴan garin da suka yi ƙaura zuwa Barazil suka ci karo da aƙiƙ jibge a can, aka fara auno shi cikin shekarun 1830. Masu gugar garin rub da ciki suke kwanciya gaban manyan duwatsun wasawa da ruwan rafi ke juyawa, kuma sun iya rina dutse ya yi ja ko baƙi. To amma da suka so sayar wa Afirka, ba siffar da ta yi musu suka yanka ba. Samfurin Indiya da mutanenmu suka saba da shi suka kwaikwaya, har talhatanar. Masu gilashi na Gablonz, a ƙasar Cek ta yau, su ma suka bi sahu da na kwalba mai araha, suna aiko katunan samfur ana gwada wanda zai shiga. Dutsen da matan Tibiri ko na Agiye suka ƙi, a buhu zai kwana. Ku duba fa: Bajamushe kwance kan cikinsa cikin sanyi, yana bin awon da wata tsohuwa ta yi da gaɓar yatsa.

Har yanka mun yi a wanga yanki na duniya. Lantana, sunan da muke sa wa ɗiya mata, sunan jan dutse ne da ake haƙowa a yammacin Nijar ta yau, kusa da kogi. Fataken Hausawa ke kai shi Ilori, masu sana'a can su huda shi da ƴar tsinkar ƙarfe, su goge shi a kan dutse, ya wuce har fadar Bini. Sana'ar ta durƙushe a farkon rabin ƙarni na 20, da na waje masu araha suka cika kasuwa.

Lu'ulu'u, wanda a lakwal muke ce wa diamant, wasu kuma daimon, halinsa daban. Babu dutsen da ya kai shi tauri, ba abin da ke cin sa sai garin ɗan uwansa. Har wajen 1725, da aka same shi a Barazil, kusan duk na duniya daga Indiya yake fitowa, kuma a can nauyi ake girmamawa. Mai yanka ya bi dutsen yadda Allah ya yi shi, ya goge fuskokinsa, ya ɓoye tabo, kada dai ya rage shi da yawa. Wani ɗan kasuwar Faransa, Tavernier, wanda ya ga taskar sarkin Mugal a 1665, ya ba da labarin wani mutumin Banis, Hortensio Borgio, da aka ba wani ƙaton dutse mai karat kusan 790 ya yanka, ya dawo da shi 280. Maimakon lada, tarar rupi 10 000 sarki ya ci shi. Karat ɗaya, don mu riƙe, kashi ɗaya ne cikin biyar na giram.

Yanzu mu koma Landan. Bayan kunyar baje koli, Yarima Albert, mijin sarauniya Biktoriya, ya sa aka kira masu yanka daga Amsterdam a 1852. Kwana 38 suna aiki. Koh-i-Noor ya shiga yana karat 186 a awon lokacin, ya fito 105,6, mai siffar ƙwai, an zubar da fiye da kashi 40 cikin 100. Aka biya fam 8000, aka yi murna. Aikin da aka ci wa mutum tara a kansa a Indiya, shi aka biya lada a Ingila. Dutsen bai sake hali ba, mai shi ne ya sake, kuma sabon mai shi ƙyalli yake so ba nauyi ba. Ni a ganina an yi ɓarna, domin yankan farko shi ma tarihi ne, kuma ba ya dawowa.

Mi ke sa dutse ƙyalli? Wanda ya zauna ya yi lissafin ɗalibi ne kamar mu. Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yanka na Anvers, yana karatun injiniya a Landan, bai wuce shekara 20 ba sa'ad da ya fitar da ɗan littafinsa a 1919. Ga yadda abin yake. Haske na shiga ta saman dutse. In ya bugi bangon gindi a karkace yadda ya kamata, ba ya fita, sai bangon ya zama madubi ya tura shi ɗaya bangon, shi kuma ya maido shi sama zuwa idon mai kallo. In gindin ya yi faɗi kamar faranti, hasken ya zube ta ƙasa, dutse ya yi fari fat kamar idon kifi. In ya yi zurfi kamar turmi, hasken ya fice ta gefe, tsakiya ta yi duhu. Tolkowsky ya ce ga kewayayyen dutse a karkata gindi digiri 40,75, kafaɗa digiri 34,5, shafaffen saman kuma ya ci kashi 53 cikin 100 na faɗin dutsen. Wanga shi ne tushen kewayayyen yanka mai fuska 57 ko 58 da ya cika zobban duniya. Ba shi ya ƙago shi ba, masu yanka sun riga sun laluba kusa da haka da ido, tun da aka sami injin kewaye dutse cikin shekarun 1870. Shi lamba ya ba abin.

Lissafin nan na da'ira ne kaɗai, don ita ce ko ta ina ka yanka ta daidai take. Duk wata siffa da ba da'ira ba, ƴan kasuwar suna haɗa ta a suna ɗaya, yankan marmari, abin da Faransawa ke kira taille fantaisie. Kowace da tarihinta. Mai kamar ɗigon hawaye tsohuwa ce, ana danganta ta da Lodewyk van Bercken na Bruges tun ƙarni na 15. Markiz, mai tsini biyu kamar kwalekwale, ana ba da labari wai sarki Luwi na 15 ya sa a yi ta kamar leɓɓan farkarsa Madam Pompadour; labarin ya yi daɗi da yawa, ku riƙe shi da hannu biyu kamar tatsuniya. Joseph Asscher na Amsterdam ya fito da mai kusurwa huɗu da matakala a 1902. Mai siffar ƙwai ta zamani Lazare Kaplan ne ya gyara ta wajen 1957 a Amurka, wadda ake kira gimbiya kuwa, murabba'i mai kaifin kusurwa, sai wajen 1980. Kenan wasu daga cikin siffofin da ake tallata mana kamar na kaka da kakanni, iyayenmu sun girme su.

Ga inda awo ya shigo. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda takardarta ta fi kowace ƙarfi a kasuwar, ta fara sa makin kyan yanka a 2006, amma ga kewayayye kawai. Sauran siffofin aka daɗe ana rubuta musu nauyi, launi, tsabta da milimita, a bar mai saye da idonsa. Shi ya sa dillalai suka riƙe lissafi ɗaya wanda ɗan aji shida zai iya: tsawo a raba da faɗi. Dutse mai tsawon milimita 9 da faɗin 6, awonsa 1,5. Ga mai siffar ƙwai an fi son tsakanin 1,35 da 1,5. Ƙasa da haka sai ya zama kamar da'irar da hannu ya goce wajen zanawa, sama da haka ya soma kama da ƙwayar dabino. Ɗigon hawaye wajen 1,5 zuwa 1,75. Markiz tana son tsawonta ya ninka faɗi, wato wajen 2. Yankan zumurrudu, dogo mai kusurwa huɗu, wajen 1,3 zuwa 1,5. Zuciya da gimbiya kuwa kusa da 1 ake nema, don murabba'in da ya ɗara 1,05 ido na ganin ya karkace.

Kada ku ɗauki lambobin nan kamar na Tolkowsky. Nasa daga halin haske suka fito, waɗannan kuwa yayi ne da sabo. Mai gajeren yatsa na iya son siririn dutse don ya ƙara mata tsawo, wata ta so mai kumatu, kuma ba wadda ta yi kuskure. A gardamarmu ta ran nan kowa na da gaskiyarsa. Sai dai akwai wurin da so ba ya aiki. Dogon dutse, karkatar gindinsa ta tsawo ba za ta zama ɗaya da ta faɗi ba, saboda haka a ƙugunsa akan sami wata baƙar inuwa mai fukafukai biyu, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a kai. Kusan duk mai siffar ƙwai, ɗigon hawaye da markiz suna da ita, ko kaɗan ko da yawa, kuma ba ta cikin takarda, sai an juya dutsen a haske. Na biyu, tsini wuri ne mai rauni. Lu'ulu'u ba ya karcewa amma yana ɓantarewa, markiz da ta cika siranta bakinta na cikin haɗari. Na uku, kafaɗun ɗigon hawaye ko kunnuwan zuciya in ɗaya ya fi ɗaya, magana ta ƙare. Baki guda ya fi guda, in ji kaka.

Akwai kuma wayon nauyi, wanda duk mai sayen hatsi da tiya zai gane. Da karat ake biya, amma sama ido ke gani. Kewayayye mai karat 1 faɗinsa wajen milimita 6,5 ne. Gimbiya mai nauyi ɗaya wajen 5,5, don nauyinta a gindi yake. Markiz mai karat 1 kuwa takan kai 10 a tsawo, 5 a faɗi, sai ta cika yatsa. Mai yankan da ke son dutsensa ya tsallake karat 1, inda kuɗi ke tashi, yakan bar masa tumbi a ƙasa ko kaurin ƙugu. Ka biya nauyin, ba ka gan shi ba, ƙyalli ma ya ragu.

To mi ya sa ba a yi duka kewayayyu a huta ba? Saboda ɗanyen dutse shi ke fara magana. Mafi kyansa yakan fito da fuska takwas, kamar dalar Masar biyu an haɗa gindinsu. In za a fitar da kewayayye a ciki, rabi ko fiye ya tafi a ƙura. In aka raba shi biyu aka yi gimbiya biyu, hasarar ta ragu sosai, kuma shi ya sa karat ɗin yankan marmari yakan fi araha. Ɗanyen da ya fito shafaffe mai kusurwa uku zuciya zai ba da, dogo ya ba da markiz ko ƙwai. Misali mafi girma Cullinan ne, wanda aka tsinta a Afirka ta Kudu ran 26 ga Janairu 1905, karat 3106, fiye da rabin kilo. Gwamnatin Transvaal ta saye shi ta ba sarki Edward na 7 a 1907. Asscher ɗin nan ya daɗe yana nazarinsa kafin ya sa wuƙa a Fabrairun 1908, kuma a bugun farko wuƙar ce ta karye. Manya 9 da ƙanana 96 aka fitar, duka wajen sulusin nauyin farko. Babban, karat 530,2, ɗigon hawaye ne, yana kan sandar sarautar Ingila; na biyu, 317,4, mai siffar matashi, yana kan kambi. Dubi manyan duwatsun tarihi, da wuya ka ga kewayayye. Ba mai zuciyar zubar da wannan nauyi.

Mu kuma a ina muka tsaya cikin labarin? A bakin rami. An gano lu'ulu'u a Gwalkwas, Gana ta yau, a 1919 kusa da kogin Birim, kamfanin CAST ya kafa aiki a Akwatiya cikin shekarun 1920. A Saliyo an gano shi a Kono a 1930, kuma cikin shekarun 1950 dubban mutane daga ƙasashen yamma suka kwarara can. Waɗannan shekarun ne na tafiya Kurmi, lokacin da samarin Nijar ke sauka gaɓar teku cin rani, abin da Jean Rouch ya bi ya rubuta har ya yi fim a kai. Akwatiya na da zango, ana jin Hausa a cikinsa. Masu wankin tsakuwa da ƙananan dillalai, baƙi da ƴan ƙasa, da nauyi suke sayarwa, yawanci ƴan mitsi-mitsi a ƙunshin takarda. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, ƴan Nijar da ƴan Najeriya masu yawa suka kwaso abin da hannu zai ɗauka. Ku tambayi tsofaffin unguwarku, da wuya a rasa wanda ya san wani da korar ta shafa.

Ran 14 ga Fabrairu 1972 aka sami dutse mai karat 968,9 a Kono, aka sa masa suna Tauraron Saliyo. Harry Winston na New York ya saye shi wajen dalar Amurka miliyan 2,5. A can aka yanke shawarar siffarsa. Da fari an fitar da babban yankan zumurrudu mai karat 143, sai aka ga tabo a ciki, kuma wannan yankan mai faffaɗan fuskoki kamar taga ba ya rufa asirin tabo. Aka sake yanka. A ƙarshe duwatsu 17 aka samu, babbansu ɗigon hawaye mai wajen karat 54. Duk wannan shawara, a rage nan, a bar can, a sadaukar da karat kaza don tsabta, ita ce ke ninka kuɗin dutse, kuma ba a Kono aka yi ta ba. Yau ma wajen tara cikin goma na lu'ulu'un duniya a Surat ake yanka su, a Gujarat, jihar da Kambay take, inda tsakiyar kakanninmu ta fito. Su ba su saki sana'ar guga ba, dutse kawai suka canza. Botsuwana ce a Afirka ta matsa har aka dawo da tantance duwatsun De Beers da cinikinsu daga Landan zuwa Gaborone a 2013.

Abin da ke ƙyalli a teburan kasuwar Maradi ko Cadawa, da wanda ake kawo mana tsaraba, mafi yawansa gilashi ne ko zirkon na masana'anta, wanda ya shigo kasuwar duniya cikin shekarun 1970. Ba laifi ba ne a sa shi, in dai da sunansa aka saya. Abin da ya fi damuna shi ne na gasken da muke da shi yana fita. Tun ƙarshen shekarun 1960 dillalai, da yawansu Hausawa ne ma, ke bin ƙauyuka suna tattara tsofaffin duwatsun wuya suna kai wa masu tarawa a Turai da Amurka, kuma shekarar yunwa ita ce kakarsu. A can an san na Kambay da na Idar-Oberstein da na Gablonz, kowane da kuɗinsa. A nan jikanyar mai dutsen ba ta san bambancin aƙiƙ da kwalba ba.

Gwangwanin kaka yana hannun gwaggona yanzu. Da hutun da ya wuce na roƙe ta ta buɗe mini, na zo da abin awona na lakwal. Tsakiya biyu suka rage, ta ukun an sayar a 2005 an sayi hatsi. Na auna ta farko, milimita 42 da 14. Ta biyu 36 da 12. Na raba, kowace ta ba ni 3. Gwaggo ta ce bara wani ya zo ya taya su jika biyu-biyu, ta ce masa ya sha ruwa ya kama hanya.